Boa ɗina ta yi ta amai, ashe ma'aunin zafin da ke manne a gilashi ne ke shirga mun ƙarya

Duk mai kiwon macijin nan boa da har yau bai taɓa buɗe ƙofar ɗaki da safe warin nan ya tare shi ba, ya gode wa Allah. Ba warin kashi nake nufi ba, wannan ai mun saba. Warin ɓeran da ya kwana a cikin macijin ya fara ruɓewa maimakon ya narke, sannan ya dawo waje a kumbure, gashi duk ya saɓule, yauƙi ya lulluɓe shi. Tawa mace ce, Boa imperator, irin waɗanda ake ce ma 'yan Kolombiya, lokacin ko mita ɗaya ba ta cika ba, kuma tunda ta zo hannuna ba ta taɓa kau da kai daga abinci ba.

Abubuwan da kowa ya sani duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ta ba bayan ta ci, awa 48 ɗin nan da ake faɗa ni har wuce su nake. Ɓeran bai fi kaurin tsakiyar jikinta ba. Ya narke sarai daga firiza, dan ina matsa cikinsa da yatsa in tabbatar babu sauran ƙanƙara kafin in ɗumama shi. Idonta bai yi shuɗi ba balle in ce saɓa za ta yi. Zafi kuwa ko tunaninsa ban tsaya yi ba, tunda ga ma'auni nan mai allura manne a gilashi, kullum na leƙa yana kan digiri 30 cif.

Wannan 30 ɗin ita ta cuce mu.

Na kira wanda ya sayar mun da ita, shi ne kuma ya haɗa kejin da hannunsa. Ya ce ba komai, suna yin haka, tunda cikinta ya zama fanko in sake ba ta kar ta rame. Mutum ne da ya daɗe a harkar, to wa zai yi masa musu. Sati bai zagayo ba aka sake ba ta, ta kama da ƙarfinta ta haɗiye, har hankalina ya kwanta, bayan kwanaki kaɗan ga shi nan kuma a kusa da kwanon ruwa. Wannan na biyun shi ya karya ta. Sai ga fata ta fara naɗewa a gefen jiki, bayanta ya fara yin tsini maimakon cikar nan da lafiyayyar boa take da ita, in ka ɗaga ta sai ka ji ba ta riƙe hannu da ƙarfi irin na da.

Likitan dabbobin da na samu, wadda ta san harkar macizai ba karnuka da kyanwa kawai ba, kafin ta ma buɗe jakar da na zo da ita tambayar farko da ta yi mun ita ce, "A ina kake auna zafin?" Na ce Likita ai 30 ne. Ta ce ba lambar ta tambaya ba, wurin ta tambaya, cikin macijiyar a bango yake kwanciya ko a ƙasa? Ta ce in nemo na'urar nan mai kama da bindiga da ake haska wuri ta faɗi zafinsa, in auna cikin maɓoyarta ta ɓangaren ɗumi, da rana sau ɗaya, da asuba sau ɗaya.

Jama'a, da asuba 23 na gani. Na sake haskawa dan ban yarda ba, 23. Ma'aunin gilashi kuma yana nan yana nuna mun 30 abinsa.

Abin da ya faru shi ne ɗumin kejin daga sama yake zuwa, daga ƙwan nan na tangaran mara haske, shi kuma bakin wayar tamostat, na'urar da ke kunna wuta da kashe ta gwargwadon zafi, an manna shi can sama kusa da ma'aunin, kusa da ƙwan. To da iskar sama ta kai 30 sai tamostat ya yanke wuta, ƙasa inda take kwance da ɓera a ciki ko oho. Lokacin zafi ɗakin kansa yana rufa asiri shi ya sa watanni ba a ga komai ba, da sanyi ya shigo sai asiri ya tonu. Kuma ita baiwar Allah tana shiga maɓoyar ɗumin, tana yin abin da ya kamata, ɗumin ne babu.

Sai da Likita ta zaunar da ni ta yi mun bayani na gane girman abin. Manyan macizai irin su boa da mesa ba kamar mu suke ba, tsakanin ci da ci tumbinsu kusan a kashe yake, babu asid ɗin kirki a ciki. Sai abinci ya shiga sannan jiki ya tashi aiki, asid ya zubo har ma'aunin pH ya sauko daga wajen 7 zuwa ƙasa da 2, hanji ya ƙara kauri, numfashi da bugun zuciya su ƙaru. Duk wannan aikin da zafin waje yake tafiya tunda maciji ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa. Shi kuma ɓeran an haɗiye shi ne ɗungurungum da ƙwayoyin cutar da ke hanjinsa, suna can suna nasu aikin daga ciki. Tsere ne tsakanin narkewa da ruɓewa. In da ɗumi asid ya riga su, in babu su riga shi, ɓera ya kumbura da iska, ita kuma dole ta fitar da shi ko ya kashe ta. Boa tana son ɓangaren ɗumi ya kasance wajen 30 zuwa 32 a daidai inda cikinta ke taɓawa, ɓangaren sanyi 24 zuwa 27. Wato wurin ɗumin tawa ko ɓangaren sanyi bai kai ba.

Shi kuma sake ba ta da wuri, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, illarsa daban ce. Amai ɗaya yana kwashe mata ruwan jiki da ruwan narkar da abincin da ta tara, ya bar maƙogwaro da tumbi a ƙone. Ka ɗora wani ɓeran a kan wannan, ko da zafin ya daidaita ma zai iya dawowa, kowane amai kuma yana sa na gaba ya fi sauƙin zuwa, a haka ƙananan boa da yawa suke tafiya. Boa mai lafiya tana iya yin watanni ba ta ci ba ba abin da zai same ta, sati 2 ba komai ba ne a wurinta. Amma sai a ce maka kar ta rame. Aman ne ke ramar da ita ba yunwa ba! Kuma kar kamun da take yi ya ruɗe ku, tawa ko a ranar da ta yi amai aka miƙa mata za ta cafke.

Duk da an gano sanyin, Likita ba ta yarda a tsaya nan ba, tunda amai ya maimaitu sai an duba cuta. Wannan jiran sakamakon shi ne mafi wuya a wurina, dan na san sunaye biyun da ake tsoro.

Na farko Cryptosporidium serpentis, ƙwayar da ke sa bangon tumbi ya yi kauri har ka ga kumburi mai tauri a tsakiyar jikin macijin, yana ci yana amai bayan kwanaki yana ramewa, kuma babu maganin da aka tabbatar yana kawar da ita gaba ɗaya. Ana neman ta a kashi, ko a yauƙin da ke jikin ɓeran da aka amayar, ko a wanke tumbi a gwada ruwan. Ba kullum take fita a kashi ba, shi ya sa gwaji ɗaya ba ya wanke maciji. Wani abin da ban sani ba sai a lokacin, su ma ɓeraye suna da tasu irin ƙwayar da za ta iya bi ta cikin maciji ta fito ba ta yi masa komai ba, a madubin likita kuma kamarsu ɗaya, sai gwajin PCR, mai duba ƙwayar halittarsu, ne ke raba su. Ruwan bilic na yau da kullum ma ba ya kashe ta.

Na biyu kuma cutar IBD, wato inclusion body disease, wadda duk mai boa yake jin faɗuwar gaba in an ambace ta. Tun shekarun 1970 aka san cutar, amma sai a 2012 masu bincike a Amurka suka danganta ta da wani bairas na dangin arenavirus. A boa sau da yawa da amai a kai a kai take farawa, daga baya a ga maciji yana ɗaga kai yana kallon sama, ko a kifar da shi ya kasa juyowa. Boa tana iya ɗauke da ita shekaru ba alama, mesa kuwa in ta kama ba ta daɗewa. Ana zargin ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jinin maciji da yaɗa ta. Ita ma ba ta da magani. An ɗebi jinin tawa, an yi gwajin kashi har da neman tsutsar ciki da amiba, waɗanda su da sauƙi tunda suna jin magani in likita ya auna nauyi ya rubuta. Alhamdulillahi babu ko ɗaya da ya fito, amma an ce in maimaita na kashin nan gaba, kuma na maimaita.

Gyaran kansa ba wani abin a zo a gani. Na sauko da bakin wayar tamostat zuwa ƙasa daidai bakin maɓoyar, na ɗaure shi yadda ba za ta ture shi ba, ba da salatif ba dan yana manne wa fatar maciji. Na sa ma'auni mai lamba guda a kowane ɓangare, a ƙasa. Na kwashe shimfiɗar na sa farar takarda dan in ga duk abin da ya fito. Danshi na riƙe shi 60 zuwa 70 cikin 100, ruwa sabo kullum, na rufe gefunan gilashin, na daina ɗaukarta sai in za a hau sikeli. Likita ta ce tunda sau biyu ne a jira sati 3 cur, da sau ɗaya ne sati 2 ya isa. Bayan nan aka fara da ɓeran da bai wuce rabin wanda ta saba ba, wanda gashinsa bai yi yawa ba, aka jira sai da ta yi kashi mai kyau kafin na gaba, a hankali a hankali ana ƙara girma. Ranar da na ga kashin farko wallahi ji na yi kamar in kira mutane su zo su gani.

Dan Allah in ya faru da ku kar ku yi saurin jefar da abin saboda wari. Ku ɗauki hoto, ku sa safar hannu ku ƙulle shi a leda, a ajiye a sanyi nesa da abincin mutane amma ba a firiza ba, a kai wa likita da wuri, sannan a wanke hannu sosai saboda ƙwayar cutar Salmonella. Ku kuma rubuta kwana nawa tsakanin ci da aman. Wanda ya dawo cikin 'yan awoyi ɓera na nan kamar yadda ya shiga, yawanci tsoro ne ko taɓawa ko girman abinci. Wanda ya kwana biyu zuwa huɗu ya fito a ruɓe, ku fara da zafi, sannan cuta. Masu kiwon boa masu jan wutsiya na asali 'yan Suriname da Guyana ku ninka kula, masu kiwo sun daɗe da sanin cikinsu ya fi na irin tawa saurin ɓaci.

Yanzu ta mayar da jikinta har ta wuce, amma na bar ta a kan abinci ɗan ƙasa da abin da za ta iya haɗiyewa, kuma ba na fito da ɓera daga firiza sai na haska cikin maɓoyar tukuna, musamman in yanayi ya fara juyawa. Abin da ke ci mun rai har gobe shi ne ana nan ana haɗa wa sababbin masu kiwo keji da wannan ma'aunin mai allura a manne can sama, a ce musu an gama komai. Kwanan nan wani ya turo mun hoton nasa kejin yana tambaya ko ya yi, ga allurar nan a kan 31 kusa da murfi. Na ce kafin mu yi maganar komai ya auna mun ƙasa da asuba.