Godiya ga mutanen barga da dawakan da suka ɗauki yaronmu

Alhamdulillahi. Ranar Asabar da ta wuce aka rufe zangon hawan doki na bana a cibiyar da autanmu yake zuwa a nan arewacin Ingila, kuma ya kewaye filin gwaji ya sauka lafiya. 'Yan uwa da abokan arziki sun yi ta kira da turo saƙo, daga nan da kuma gida. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Ga wanda bai sani ba, an haifi yaron da lalurar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta sa jijiyoyin ƙafafunsa sanƙarewa, ko zama sai da jingina. Likitar da ke yi masa gashin ƙashi ce ta tura mu wurin, Allah Ya saka mata. Cibiyar tana ƙarƙashin RDA, ƙungiyar koyar da masu lalura hawan doki da aka kafa a Birtaniya a 1969, wadda Gimbiya Anne take shugabanta tun 1985. Hikimar abin ita ce, idan doki yana tafiya, bayansa yana kaɗa ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, irin motsin da ƙugu yake yi in mutum yana takawa da ƙafarsa. Ga kuma ɗumin jikin doki da ya ɗan ɗara na mutum, yana sassauta jijiya. Shi ya sa da farko ba su ɗaura masa sirdi ba, shimfiɗa kawai aka sa.

Godiyata ta farko ga Malamarsu ce. Iya hawa daban, sanin halin dabba daban, ita kuwa ta haɗa biyun. Tana duban yaro ta san dokin da zai dace da shi, kuma a ganina rabin maganin yana cikin wannan zaɓin. Dawakan suna da sunayensu na Turanci, amma kakan yaron da ke Katsina yana ganin hotunansu ya raɗa musu na gida bisa launi, mu ma muka bi.

Kili ne ya fara ɗaukarsa. Tsoho ne, gajere mai kauri, baya faffaɗa, gashi ya rufe masa kofato. In aka kai shi bakin dandamalin da ake hawa da keken masu lalura, sai ya kafe kamar turmi, leɓen ƙasa a sake, ido rabi a rufe, ka ce barci yake. Ba barci ba ne. Da idona na ga yaron ya fara zamewa gefe guda, kafin mai jan ragama ta waiga Kili ya riga ya tsaya cak, bai ɗaga ƙafa ba sai da aka gyara masa zama. Malama ta ce ba wanda ya koya masa, halinsa ne. Sai dai dattijon yana da nasa wayon. Ya san lokacin tashi, da ya matso sai ya riƙa rage tafiya duk sanda aka zo kusa da ƙofa. Kuma duk wanda ya shigo da karas a aljihu ya shirya, sai an caje shi.

Danda kuru ne, gajeren taku, ga sauri. An gwada shi da yaronmu, ƙafafun suka ƙara ɗaurewa, nan take Malama ta sauke shi. Ashe irin takun nan yaran da jikinsu ya saki yake yi wa amfani, yana farkar da su su miƙe zaune. Shi ne ɗan rigimar bargar: yana kwance igiya da haƙori, yana zare sakata, yana yi wa manya taurin kai, amma da an ɗora masa yaro sai ya nutsu.

Wadda ta fi ba ni mamaki baƙar goɗiya ce, irin ta tsaunukan Sikotilan. Da kakan ya ga bidiyon sai ya ce, "Kai, jikan nawa kuka ɗora a kan goɗiya?" Na ce, "Baba, ai nan ba a sa ingarma a wannan aiki, daga goɗiya sai dandaƙaƙƙe." Ya yi shiru, ya ce to Allah Ya sa a dace. Na kuma ba shi labarin da Malama ta ba mu na Lis Hartel, 'yar ƙasar Denmak da shan inna ya kama a 1944 ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, amma ta ci lambar azurfa a wasannin Olamfik na Helsinki a 1952. Nasarar nan tata tana cikin abubuwan da suka yaɗa wannan magani a Turai, kuma a kan goɗiya ta yi ta.

Ita dai tamu ba ta son hayaniya. Hannu ya yi mata yawa a jiki, sai ta kwantar da kunne baya ta kaɗa wutsiya, kowa ya gane ya ja da baya. Ba ta kuma yi wa mahayi aikinsa. Kili ya haddace hanya, ko ka saki linzami zai kai ka. Ita kuwa in ba ka ce ta tafi ba tana nan tsaye, in ba ka ja dama ba ba za ta juya dama ba, amma ɗan motsin yatsa ya ishe ta. Farkon haɗuwarsu yaron ya sha kuka, ya ce a mayar masa da Kili. Malama ta lallashe shi ba ta mayar ba, ta kuwa yi daidai. A kan Kili tsoro ya bar shi, a kan goɗiyar nan ya koyi riƙe bayansa da sarrafa hannu biyu. Ranar Asabar ita ya hau: ya ratsa tsakanin sanduna, ya miƙa hannu ya jefa wasiƙa a akwati, ya tsayar da ita daidai kan layi da kansa. Mamansa ba ta iya kallon ƙarshen ba saboda hawaye.

Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah, dokin da muke yabo shi ne mai zafi, mai rawa, wanda zai zo a sukwane a ja linzami ya tashi da ƙafa biyu. Nan jarrabawar daban ce. Ana jefa ƙwallo ta kan dokin, a turo keke kusa da shi, a yi ihu, a ga ko zai razana, kuma ba kowane dokin da aka kawo gwaji yake zama ba. Kada a ɗauka aikin mai sauƙi ne don tafiya kawai suke yi. Ɗaukar wanda ba ya iya daidaita zamansa, mutum uku kewaye da kai, yana gajiyar da dabba. Shi ya sa kowanne yake da iyakar nauyin da zai ɗauka da ranakun da ake sakinsa makiyaya ya huta.

Ina gode wa masu aikin sa-kai, mai jan ragama da biyun da ke tafiya a gefe suna tallafe da ƙafar yaron. Yawancinsu dattawan mata ne da suka yi ritaya da ɗaliban makaranta, ba a biyansu ko sisi, amma cikin sanyin Janairu da caɓi za ka same su tun safe. Haka likitan dabbobi, da maƙerin da ke sa wa dawakan takalmi, da masu ba da gudummawar ingirici. 'Yan uwa na masallacinmu da suka riƙa kai mu a mota lokacin da tamu take gareji, Allah Ya biya ku. Uwargida da yayyensa, ku kun san abin da kuka ɗauka, bakina ya yi kaɗan.

An sanar da mu cewa Kili ya ajiye aiki daga bana, zai koma makiyaya saboda shekaru. Yaron zai ci gaba da goɗiyar a watan Satumba in Allah Ya kai mu. Cibiyar kuma tana neman ƙarin masu tafiya a gefe ranar Asabar, ba sai ka iya doki ba, za su koya maka. Duk ɗan uwan da ke kusa kuma yake da hali ya yi mini magana in haɗa shi da su.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.