Godiya bayan kammala aikin kabad na ƙarƙashin matakala

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kammala zaman koyon aiki da muka shirya kan yadda mutum zai haɗa wa kansa ma'ajiyar kaya a ƙarƙashin matakalar bene. Mu da muka shirya zaman muna miƙa godiya ga duk wanda ya halarta, da waɗanda suka ara mana kayan aiki, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa amma suka bi mu da addu'a.

Godiya ta farko ga maigidan da ya ba mu matakalar gidansa, shi da iyalinsa, suka haƙura da ƙura da ƙarar zarto har aka gama. Wurin ya yi mana rana, domin daɓen ba daidai yake ba, bangon ma ya ɗan karkace. Kowa ya ga da idonsa dalilin da ya sa ba a yarda da awo ɗaya. Ana auna tsayi a wurare da yawa, a gaba da kuma can ciki jikin bango, sannan a yi aiki da mafi ƙanƙanta. Gangarar kuwa, ko da yake matakalar gida kan faɗa tsakanin digiri 30 zuwa 42, ba a yanke ta da ƙiyasi. A kafa kwali a wurin, a zana, a yanke, a gwada shi har ya zauna, sannan a ɗora shi kan katako.

Ga dattawan kafintoci, iyayenmu a sana'a, Allah ya ƙara girma. Su suka tsaya kai da fata a kan abin da muke ganin shi ne ƙashin bayan aikin: akwatunan ciki a miƙe ake haɗa su, kowanne da kusurwa huɗu daidai, dogo sai mai bi masa sai gajere, fuskar waje ce kaɗai take bin gangara. Masu sabon hannu kan so su yanke komai a karkace don kada taki ɗaya ya tafi a banza. Ɗan wurin da za a samu bai kai wahalar ba, kuma da wuya durowar da aka haɗa a irin wannan akwati ta yi gudu lafiya. Haka nan ba a rataya kabad a jikin matakala. Ta katako tana ɗan motsawa duk lokacin da aka taka ta, in an ɗaure su tare sai ƙara ta tashi, ƙofofi su fara cijewa. Ta kankare kuma akwai rodi a cikinta, ba wurin huda barkatai ba ne. A bar tazarar santimita 1 tsakanin saman akwati da cikin matakala, siririn katakon fuska zai rufe ta. Ginshiƙi ko katakon gefe da ke ɗauke da matakalar, wannan ba a taɓa shi da zarto ko kaɗan, komai yadda ya tare hanya.

Waɗanda suka nemi a rubuto musu ma'aunai, ga su. Ana fara da gindi: firam na katako mai kaurin santimita 5 da faɗin 10, a tsayar da shi a kan gefensa, a cusa 'yan siraran katako a ƙarƙashi har ma'aunin daidaito ya nuna ya kwanta ta kowane ɓangare. Wannan gindin ne ke shanye karkatar daɓe, shi ne kuma ke raba akwatuna da ruwan goge-goge. Jikin akwati filawud ne mai kaurin milimita 18, bayansa mai milimita 6. Fallen filawud guda santimita 244 ne da 122, don haka a tsara yankan a takarda tukuna. Ana haɗawa da gam da sukuru mai kaurin milimita 4 da tsawon 50, amma sai an fara huda siririn rami na milimita 3, in ba haka ba gefen filawud ɗin ya tsage. Kafin a buga bayan akwati, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta nan da ta can. Awo biyun nan in ba su zo ɗaya ba, akwatin ya murɗe, kuma da zarar an buga baya ya zauna a haka ke nan. Kantar ɗora kaya kada tsawonta ya wuce santimita 80 ba tare da abin tallafi ba. In ta MDF ce, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, a tsaya a 60, don ta fi saurin lanƙwashewa, ga shi ba ta jure danshi.

Muna godiya ta musamman ga 'yan'uwa mata da suka ta da maganar zurfi. Gaskiyarsu ne, faɗin matakala kan kai santimita 80 zuwa 100, hannu ba ya kaiwa ƙarshe, abin da aka tura can ciki sai a manta da shi. Saboda haka ɓangaren gajere durowa ya fi dacewa da shi, dogon kuma a yi masa ƙofa. Layin ƙarfe mai ƙwallaye da ake ɗaurawa a gefen durowa yana cin milimita 12.7 kowane gefe, wato durowar ta gaza ramin da milimita 25.4 zuwa 26. In ta fi haka faɗi ta cije, in ta gaza sosai layin ya riƙa sakinta. Na yau da kullum yana ɗaukar kilo 35 zuwa 45. Durowa mai zurfi da za ta ɗauki kaya masu nauyi gara a sa mata layi mai ƙarfi, ko ƙananan tayoyi marasa juyawa da za su bi daɓe. Ƙofar da samanta ke karkace kuwa, hinjinta a dogon gefe ake sa shi, nan ne akwai wurin guda uku, nauyin ma ya fi kusa da su. Hinjin ɓoye, wanda ba a ganin sa idan ƙofa na rufe, yana son rami mai faɗin milimita 35, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 kewaye da ƙofar.

Mai gyaran wuta da mai gyaran famfo da suka zo suka nuna mana inda waya da bututu suka bi kafin a huda bango, mun gode ƙwarai. Mita, akwatin fis, ko makunnin ruwa da ke ƙarƙashin matakala ba a rufe su ruf, a bar musu ƙofar da ke buɗuwa ba tare da an kwance komai ba. Sun kuma ja kunne, mu ma muna maimaitawa: tukunyar gas, fetur da sinadarin tsinka fenti ba su da wuri a nan, domin matakala ita ce hanyar tsira ga na sama idan gobara ta tashi.

Matasan da suka yi ɗauke-ɗauke, suka goga samfefa, suka share wurin tas, Allah ya yi muku albarka. Ku ne kuka lura da danshin da ke gindin bango, shi ya sa aka janye akwatunan santimita 2 daga jikinsa, aka huda ramukan iska a gindi don kada fumfuna ta kama kaya. Wanda ya tarar da irin wannan a gidansa ya fara gano inda ruwan ke fitowa ya gyara, ya bar bangon ya bushe kafin ya rufe shi da katako.

Masu niyyar yin nasu, lissafin yankan da aka raba na wannan matakalar ne kaɗai, kowa ya sake auna tasa. Mun gode, Allah ya saka wa kowa da alheri.