Godiya ga Allah da ku duka: Baban yara ya dawo gida

'Yan'uwa cikin Kristi, maƙwabta da abokan arziki, salama a gare ku. Baban yara ya dawo daga asibitin Galmi, yana takawa da sanda. Maganar da aka ƙulla masa cewa ya faɗa, har samari suka ji masa rauni suka ƙona shagonsa, kuwa ta mutu a gaban hukuma, tun da ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce da kunnensa ya ji ba. Sauran kun sani, ba ni da ƙarfin maimaitawa. Jikina duk a mace yake, amma barci ba zai ɗauke ni ba sai na sauke nauyin godiyar nan.

Daren da aka cinna wa shagon ɗinkinsa wuta, ni da yara muna cikin ɗaki. Na kashe fitila, na tura su ƙarƙashin gado, na toshe bakin auta da tafin hannuna. Duwatsu na sauka bisa kwano. Duk Kiristan Maraɗi ya san abin da ke zuwa wa mutum a rai a irin wannan lokaci: watan Yuni na 2019 da aka ƙona majami'a a unguwar Zariya, da Janairun 2015 da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Na so in yi addu'a, bakina ya ƙi. Abin da ya iya fita kawai shi ne, "Yesu, kana nan?"

Sai na ji muryar Alhaji, maƙwabcinmu na katanga ɗaya. Na leƙa ta ɓular ƙyaure. Tsohon nan ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofarmu, ya zauna da carbi a hannu, ya ce, "Duk mai son shiga gidan nan, sai dai ya taka ni ya wuce." Ya shiga kiran samarin ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu: kai ɗan wane, ubanka ya san kana nan? Haka suka riƙa zamewa. Bai tashi daga wurin ba sai da aka kira assalatu. Gari na wayewa Hajiya ta miƙo ƙwaryar fura ta saman katanga, ta ce, "'Yata, ba yaran nan su sha, ke ma ki sa wani abu a cikinki." A nan ne kukan da na riƙe tun dare ya ƙwace mini.

Na sha karanta Ishaya 43:2 a taron Zumuntar Mata, inda Ubangiji ya yi alkawarin yana tare da mu in mun bi ta ruwa, kuma wuta ba za ta cinye mu ba. A daren nan ya amsa tambayata ta bakin dattijon da ba ya bin bangaskiyarmu, kuma ba wanda zai ƙara gaya mini cewa Allah ya manta da mu a garin nan.

Baba Alhaji, ka hana ni faɗa, ka gafarce ni, ba zan iya yin shiru ba. Allah ya tsare maka zuriya kamar yadda ka tsare tawa. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki maigida cikin jini, ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya buɗa maka. Limamin unguwarmu da mai unguwa, da suka kwantar da hankalin jama'a, mun gode. Fastonmu da matarsa, matan zumunta da suka yi ta karɓa-karɓar kwana da yara, 'yan'uwa na Tibiri, Danja da Tasawa da suka haɗa kuɗin magani, da na Katsina da suka aiko nasu, Ubangiji ya mayar muku ninki. Ma'aikatan asibitin Galmi, wanda tun 1950 yake karɓar kowa ba tare da tambayar addininsa ba, Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka. Ya Ubangiji, ka share hawayen duk wanda ya share namu, ka ciyar da wanda ya ciyar da mu, kada ka bar ɗayansu shi kaɗai ranar tasa damuwar.

Danginmu na ƙauye, mun san tun da aka yi mana baftisma ba a kiranmu biki ko suna, kuma mun haƙura. Amma na ɗauka jinin ɗan'uwa zai sa ko waya a buga. Kullum yana kan gadon asibiti sai ya tambaye ni ko yayansa ya kira. Zumunta a ƙafa take, ƙofarmu kuma a buɗe take.

Samarin da suka yi wannan aiki, da yawansu shi ya ɗinka musu kayan salla tun suna ƙanana. Ya ce ya yafe, kamar yadda Ubangijinmu ya umarta a Matiyu 5:44. Ni tawa zuciyar tana hanya, ku taya ni da addu'a.

Ranar Lahadi za mu yi sujadar godiya a majami'armu, kowa ya zo. Masu zuwa dubiya, don Allah ku bari sai bayan la'asar, likita ya ce ya samu barci. Waɗanda yadinsu ya ƙone a shago kuma su zo mu rubuta, za mu biya a hankali da zarar ya koma kan keke.