Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwalbar Turaren Hajiya

Makon jiya na tsaya a inda na bar shagon buga katin biki na koma zane mai siffa uku, wato mai tsawo da faɗi da zurfi, da manhajar Blender, a ɗakina da ke Mabera. Aikin kuɗi na farko da ya shigo hannuna ta wannan hanya ya zo ne da azumin 2021, wanda ya faɗo tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Wata Hajiya, ƙawar innata, mai haɗa humra da turaren kaya, ta yi odar sababbin kwalabe daga Kano, ba su iso ba, ga Sallah ta matso, tana son hoton talla da za ta sa a WhatsApp da Instagram. Samfuri ɗaya tal ke hannunta. Ta miƙo mini shi a naɗe cikin gyale.

Ƙera siffar kwalbar bai ba ni wuya ba. Na auna ta, na fitar da kafaɗunta da wuyanta da murfin ruwan zinari, na yi wa bangonta kauri, domin gilashin da ba shi da kauri kwamfuta ɗaukarsa take yi dunƙulalle. Na sa ma'aunin karyar haske, wato gwargwadon yadda haske ke karya hanya in ya shiga abu, a kan 1.5, wanda shi ne na gilashin yau da kullum. Na ruwa 1.33 ne, na lu'ulu'u ya kai 2.4. Na bar ruwan turaren ya ɗan kutsa cikin bangon kwalbar don kada siririyar iska ta rage a tsakaninsu. Hoto ya fito tsaf, na kai mata.

Ta jima tana kallon wayar, sannan ta ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma wagga roba ta. Ba kwalbata ba ta."

Na ce, "Hajiya, mi ya rage?"

Ba ta amsa da baki ba. Ta ɗauki samfurin ta ajiye kan farin tayil a bakin ƙofa, inda ranar la'asar ke shigowa. Inuwar kwalbar ta miƙe, kuma a tsakiyar inuwar ga wani harshen haske ruwan zuma, ya fi tayil ɗin da ke kewaye da shi haske, bakinsa a lanƙwashe, yana rawa duk sa'ad da turaren ya motsa. Daga kusurwoyin gindin kwalbar wasu siraran layuka biyu sun fita sun gicciye juna. A hotona kuwa inuwar toka ce kawai, shafe ɗaya. Idon mai sayar da turare ya san gilashi ta abin da yake yi wa haske, ko da ba ta taɓa jin sunan da masu sana'armu ke kiran abin da shi ba, wato kostik.

Dalilin samuwarsa a zahiri mai sauƙi ne. Haske na karya hanya idan ya shiga gilashi, ya sake karyawa idan zai fita, sai lanƙwasar kwalbar ta tattara zaruruwa masu yawa ta zube su wuri guda. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan karyawa a Bagadaza wajen shekarar 984, yana nazarin madubai da gilasan da ke tara rana har su kunna wuta, ƙarni shida da ɗoriya kafin Snell ya sake gano ta a Turai a 1621.

A kwamfuta ne abin ke zama jidali, kuma nan na fi daɗewa ina karatu bayan tarawihi. Injin Cycles, ɓangaren Blender da ke lissafa haske ya fitar da hoto, daga kamarar da ke cikin zanen yake fara lissafi. Yakan harba zaren gani daga kowane ɗigon hoto, zaren ya sauka kan tebur, daga nan ya ja miƙaƙƙen layi zuwa fitila don ya san ko wurin na samun haske. Idan kwalba ta tare layin, sai ya rubuta inuwa, domin hasken gaske ba ta miƙaƙƙen layi ya biyo ba, ta karkatacciyar hanya ya zo. Abin da ya rage shi ne sa'a: zaren ya yi tsalle daga tebur ba tare da shiri ba, ya ratsa gilashi da turare da gilashi, ya faɗa daidai kan fitilar. In fitilar ƙarama ce, kamar a rufe wa mutum ido ne a tsakiyar Babbar Kasuwa a ce ya jefa tsakuwa cikin bakin tulu. Wanda ya dace sau ɗaya cikin dubbai yakan dawo da haske mai ƙarfin gaske, shi ya sa hoton ke cika da fararen ɗige-ɗige a warwatse. In ka faɗaɗa fitilar ɗigon ya ragu, amma harshen hasken ya dushe ya rasa kaifinsa.

Na samu natsuwa da na ga manyan fannin sun sha wannan fama. Hoton ƙwallayen Turner Whitted na 1980, wanda ya buɗe ƙofar zana gilashi da bin zaren haske, ya ci minti 74 a kwamfutar VAX, kuma babu kostik a cikinsa. A 1986 James Kajiya ya kawo lissafin da Cycles ke tafiya a kansa har yau, a shekarar kuma James Arvo ya ce a juya tafiyar, a faro daga fitila. Henrik Wann Jensen, ɗan ƙasar Denmak, ya gina kan haka a tsakiyar shekarun 1990: a watsa ƙwayoyin haske daga fitila, a bar su su ratsa gilashi, a adana inda kowace ta sauka, sannan kamara ta zo ta ƙirga yawansu a kowane wuri. Eric Veach kuma, a kundin digirinsa na 1997 a Stanford, ya nuna yadda za a taso daga ɓangarorin biyu a haɗu a tsakiya.

Wannan hanya ta ƙarshe na samu a LuxCoreRender, injin kyauta da ake jona wa Blender. Na sauke shi da datar dare. Launin turaren ma na canza masa tsari: maimakon shafa wa fatar ruwan kala, na sa ruwan ya riƙa shanye haske gwargwadon nisan da ya yi a cikinsa, sai gindin kwalbar ya yi duhun zuma, wuyanta ya yi fayau. Gilashi na mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya doke shi kai-tsaye, ya ƙaru sosai ta gefe, don haka na kafa dogon farin allo a hagu domin kafaɗar kwalbar ta samu abin da za ta haska.

Da rana kwamfutar ba ta iya aikin. Fankarta ta yi ta kuka, gudunta ya ragu saboda zafi. Sai na ɗora ta kan bulo biyu a tsakar gida bayan sahur, in akwai wuta, in babu in ja waya daga janaretan maƙwabcinmu mai injin markaɗe. Ina zaune ina kallon allon, ɗige-ɗigen suka fara haɗuwa a cikin inuwar, har harshen nan ruwan zuma ya fito da lanƙwasarsa, layukan gindin ma suka gicciye.

Hajiya ta kalla ta ce, "Awo, yanzu kam ita ta." Ta biya ni, ta ƙara mini da kwalbar humra in kai wa inna. A 2022 Blender 3.2 ya zo da nasa maɓallin fitar da kostik a cikin inuwa, yaran da nake koya wa yanzu da shi suke farawa, amma nakan sa su fara ajiye kofin shayi a rana su zana abin da suka gani da fensir.

Hoton ya zaga, har ya kai hannun wani mai kamfanin ruwan roba a hanyar Gusau, wanda ya kira ni yana son bidiyo, ruwa na zuba cikin kofi, kostik ɗin na motsi. Yadda muka yi ciniki da shi, da abin da ya sa na sayar da babur ɗina, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.