Ɗana yana son tafiya Jado

Shekarar ɗana goma sha shida. Daren Talata, bayan isha'i, ya zauna bakin tabarmata ya ce: "Inna, ni na gaji da lakwal. Jado zan tafi neman zinariya." Ban ce masa komai ba, sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Duk wanda ya tashi a Tawa, nan Nijar, ya san ci-rani. Uban ɗana yana Abijan shekara tara ke nan, kakansa ma can ya yi ƙuruciyarsa. A yankinmu na Adar, saurayin da bai taɓa fita ba, 'yan mata ma ba sa yi masa kallon namiji. Tun da aka gano zinariyar Jado a 2014 kuma, hankalin samarinmu ya koma arewa, ta Agadas. Yaron maƙwabtanmu ya dawo da babur sabo, shi ɗana ya gani. Waɗanda ramin haƙa ya rufta da su, ba wanda ya zo ya ba shi labarinsu.

Washegari baffansa ya zo, ya ce namiji ba a ɗaure shi da zane, kuma ɗa na dangin uba ne, ba ni da ta cewa. Wannan maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce a Malikiyya riƙon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, daga nan waliyyinsa uba ne. Dokar ƙasa kuwa har yanzu yaro take ɗaukarsa, tunda bai kai sha takwas ba. To, amma wace takarda ce za ta tare shi in ya sulale tasha da asuba?

Shi ya sa ban kai ƙara ko'ina ba. Na kira ubansa a WhatsApp, na ajiye wayar tsakanina da ɗana, muka yi magana mu uku har dare ya raba. Na yi kuka a gabansa, ban ɓoye ba. Ɗana ya ce kunya yake ji ya riƙa roƙona dala ashirin ta karin kumallo, shi da ya fi ni tsawo. Ban taɓa sanin haka na cin ransa ba.

Mun tsaya a kan zai zauna ya yi jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare bana, da yamma kuma ya riƙa zuwa garejin kawunsa yana koyon gyaran babur, a ba shi ɗan abin hannu. Ya amsa, amma bai ce ya fasa ba. Takardar haihuwarsa tana cikin akwatina, kuma har yau in na ji ƙarar ƙofa da asuba, sai na tashi na leƙa ɗakinsa.