Kwana bakwai bayan allura

Talata. Yau rukuni na biyu na ɓerayenmu suka cika kwana bakwai da allurar kadiyotoksin (dafin da muke raunata tsoka da shi don mu ga yadda take farfaɗowa) a tsokar gaban ƙwauri, don haka tun da safe na duƙufa a kan injin yanka mai sanyi. Tsokar a daskare take, ana yankan ta siriri, kaurin maikuron 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), a ɗora a gilashi, a rina da hematoksilin da iyosin. Sai da rana ta yi sosai na samu zama gaban maikuroskop.

Na fara da gilasan kwana uku, don in samu abin kwatantawa. Wanda bai saba ba zai ce tsokar nan ta gama yawo. Dafin, wanda daga wani nau'in gamsheƙa ake samo shi, ya kashe zaruruwan tsokar, fararen ƙwayoyin jini sun cika wurin maƙil, ba ka ganin komai sai ɗigo-ɗigo masu duhu. Da na sa na yau kuwa, sai ga sababbin zaruruwa ƙanana sun jeru, kowanne da cibiyarsa, wato ƙwayar da ke ɗauke da gadon halitta, a tsakiya. A lafiyayyar tsoka cibiyar a gefe take zama, saboda haka idan ka gan ta a tsakiya, ka san zaren sabon gini ne. Na daɗe ina kallo kafin in tuna da ɗaukar hoto.

Masu wannan ginin su ne ƙwayoyin satalayit, waɗanda Alexander Mauro ya bayyana a 1961 a tsokar kwaɗo. Suna kwance shiru tsakanin zaren tsoka da siririyar rigar da ta lulluɓe shi, sai rauni ya tashe su, su hayayyafa, su haɗe da juna su zama sabon zare. Dafin bai cika taɓa rigar ba, ita ce ke zama musu kwarangwal. A 2011 an nuna cewa idan aka kawar da ƙwayoyin da ke ɗauke da Pax7, furotin da ake gane ƙwayoyin satalayit da shi, daga jikin ɓera, tsokar ba ta farfaɗowa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai yau kumburin ne. Wata sabuwar ɗaliba ta leƙa gilashin kwana uku, ta ce, "Malam, da za a hana wannan kumburin, ai da ta fi saurin warkewa." Tambaya ce mai kyau, kuma kowa zai iya yin wannan tunanin. Na nuna mata cewa ƙwayoyin makarofaj, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, da ta gani sun cika wurin, su ne ke kwashe matattun zaruruwa, suna kuma zuga ƙwayoyin satalayit su yawaita. Bayan 'yan kwanaki sai su sauya hali, su koma masu kwantar da kumburi, su taimaka wa sababbin zaruruwa su haɗu su yi kauri. Idan aka rage su tun farko, gyaran ya kan zo a gurgunce. A ganina, lokacin da wannan sauyi ke faruwa ya cancanci kulawa fiye da yadda muke ba shi. In ya yi jinkiri, tabo da kitse ne ke cike gurbin da ya kamata tsoka ta cike. Irin haka ake gani a tsofaffin ɓeraye, da kuma inda rauni ke ta maimaituwa, kamar a ɓeran mdx, nau'in da ba shi da distirofin (furotin da ke kare zaren tsoka), wanda ake nazarin cutar lalacewar tsoka ta Duchenne da shi.

Da yamma na shiga ɗakin dabbobi na duba rukunin da za su kai kwana 21. Na auna nauyinsu, na lura da takunsu. Duk suna dogara ƙafar yadda ya kamata, suna ci suna sha. Wannan dubawar ba na yin ta a gurguje. Mu muka ji musu raunin, ko da yake cikin barcin magani aka yi, don haka haƙƙinsu ne kada wani ciwo ya wuce ba mu gani ba, kada kuma a ɓarnatar da ko yanka ɗaya na tsokarsu.

Gobe zan rina sauran gilasan don ƙidaya ƙwayoyin Pax7, sannan in fara auna faɗin zaruruwan a kwamfuta. Ɗalibar ta ce za ta zo da wuri ta koyi yankan.