Kuskuren "with regards to" a wasiƙun ofis, da abin da ya fi dacewa a rubuta

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da karanta wasiƙun ofis da takardun koke da saƙonnin imel na Turanci ya san yadda "with regards to" ta zama ruwan dare, har wasu suna ganin wasiƙa ba ta amsa sunanta ta hukuma ba sai an buɗe ta da waɗannan kalmomi uku. Nakan duba wa ɗalibai da 'yan uwa takardunsu kafin su miƙa, kuma da wuya in gama shafi ɗaya ban ci karo da ita ba. Matsala biyu ce a tattare da ita, ɗaya ƙarama mai saurin gyaruwa, ɗaya kuma babba wadda ta fi damuna.

Ƙaramar ita ce harafin "s" da ake liƙa wa kalmar. A daidaitaccen Turanci ana cewa "with regard to" ko "in regard to", ba tare da "s" ba, domin "regard" a nan suna ne tilo mai nufin dubawa ko la'akari, kuma asalinsa daga Faransanci yake. Idan aka mayar da shi jam'i, ma'anarsa takan koma gaisuwa, kamar yadda ake rubuta "give my regards to your father", wato ka gaishe mini da mahaifinka, ko "best regards" da ake rufe saƙo da ita. Saboda haka wanda ya rubuta "with regards to the principal", idan aka bi ƙa'ida, gaisuwa ya aika wa shugaban makarantar. Gaskiya ne su kansu Turawan Ingila da na Amurka suna wannan kuskure a maganarsu ta yau da kullum, amma masu tace rubutu da masu duba jarrabawa ba su karɓe shi a rubutun hukuma ba, kuma su ne za su karanta takardarka.

Ina kyautata zaton ruɗanin ya samo asali ne daga "as regards", wadda ita daidai ce da "s" ɗinta, domin "regards" a cikinta aikatau ne, irin "s" ɗin da ke cikin "he writes". Kunne ya saba jin siffofin biyu, sai hannu ya gauraya su.

Babbar matsalar kuwa tana nan ko da an cire "s" ɗin. Wannan yankin jimla ba ya faɗin komai face cewa akwai wata alaƙa tsakanin abu biyu, amma ba ya bayyana ko wace irin alaƙa ce, don haka sai ya bar wa mai karatu aikin da marubuci ya kamata ya yi. A ɗauki malamin firamare da bai ga albashinsa na watan Maris ba, ya zauna ya rubuta "I am writing with regard to my salary". Jami'in da takardar za ta je gabansa yana da tarin fayil a kan tebur, layin farko yake karantawa kafin ya rubuta umarni a gefen takarda ya tura ta gaba, kuma wannan layin bai gaya masa ko albashin ba a biya ba ne, ko an zaftare shi ne, ko ƙari ake nema. Da malamin ya rubuta "My salary for March has not been paid", da jami'in ya san teburin da zai aika takardar tun kafin ya kai sakin layi na biyu. Idan ma yana son ya riƙe salon buɗe wasiƙa da aka saba, "I am writing about my unpaid salary for March" ta wadatar.

Hanyar da nake bi ita ce in tambayi marubucin abin da zai ce da Hausa yake magana, domin a Hausa ba ma rikita "game da" da "saboda" da "a kan". Idan "game da" yake nufi, to "about" ce kalmarsa. Idan ƙa'ida ce ko matsaya a kan wani batu, "on" ta fi dacewa, sai "the policy with regard to leave" ta koma "the policy on leave". Idan dalili yake son faɗi, "for" yake buƙata, kamar a "he was punished for lateness". Wani lokaci kuma tambayar takan nuna cewa jimlar ce gaba ɗaya take neman a sake ta, domin wanda ya rubuta "there is a problem with regard to the generator" abin da yake nufi shi ne janareta ya lalace, kuma "the generator has broken down" ita ce maganar da za ta sa a kira makaniki.

'Yar uwarta "in respect of" ta fi haɗari a takardun kuɗi. Idan aka rubuta "payment was made in respect of the contractor", mai binciken kuɗi ba zai iya tantance ko ɗan kwangilar aka biya ba, ko wani aka biya a madadinsa, ko kuwa kuɗin wani aiki ne da ya shafe shi. Kalma ɗaya, "to" ko "for", ko kuma "on behalf of" idan a madadinsa ne, ita ce za ta raba gardama. A ganina duk takardar da kuɗin jama'a ke ciki bai kamata a bar mata irin wannan kafa ba.

Wannan salo gadonsa muka yi daga ofisoshin zamanin mulkin mallaka, kuma su masu harshen sun daɗe da fara yaƙi da shi. A 1948 Sir Ernest Gowers, wani babban ma'aikacin gwamnatin Birtaniya, ya wallafa littafin "Plain Words" bisa gayyatar Baitulmalin Birtaniya, domin ya koya wa ma'aikatan gwamnati rubutun da talaka zai fahimta, kuma irin waɗannan dogayen mahaɗai suna cikin abubuwan da ya gargaɗe su a kai. A Amurka har doka aka kafa a 2010 wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a takardu da harshe mai sauƙi. Mu kuwa har yanzu ɗalibi yakan ɗauka cewa gajeriyar kalma kamar "about" raini ce ga babban mutum, alhali girmamawa a wasiƙa tana cikin gaisuwa da ladabin roƙo da kuma rashin ɓata wa mai karatu lokaci.

Ba ina cewa a yi watsi da "with regard to" kwata-kwata ba, domin tana da wurin da take aiki sosai, wato farkon jimla, idan marubuci zai juya daga wani batu zuwa wani. Wanda yake amsa wasiƙa mai tambayoyi da yawa yana da damar rubuta "With regard to your second question, the meeting will be held on Monday", kuma "as for" ma za ta yi wannan aikin idan wasiƙar ba ta hukuma ce sosai ba. Haka nan ɗaliban lissafi kada su taɓa "with respect to" da ke cikin darasin kalkulas, inda ake cewa "differentiate y with respect to x", domin a can ƙayyadadden lafazi ne na fannin, kuma babu "about" ko "on" da za ta maye gurbinsa.